Toshi ne ko toshiyar baki? Muhawara kan kuɗin da gwamnatoci ke kashewa a musayar 'yan wasa

Koci: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Shekara goma sha ɗaya ina horar da yara tsere, ban taɓa zuwa ofishin kowa roƙo ba. Wata huɗu da suka wuce aka aiko mana takarda, wai an samu gurbin musayar 'yan wasa da wata ƙasa na sati uku, gwamnati ta ware kuɗin jirgi da masauki, a miƙa sunan wanda ya cancanta. Na miƙa sunan yarinyata mai gudun mita 800. Yarinyar nan kullum da asuba tana fili. Mahaifinta sai da na je gida sau uku kafin ya amince, ya yi mata fasfo daga aljihunsa. Jiya jerin sunaye ya fito. 'Yan wasa biyar, 'yan rakiya goma sha huɗu, ita kuma babu sunanta. Akwai jami'in walwala, akwai mataimakin jami'in walwala, har da wani wai mai kula da tuta. Shi ya sa nake cewa abin nan da ake kira diflomasiyyar wasanni ƙona kuɗin talaka ne kawai. Ƙasar da ta yi gayyata toshiyar baki take bayarwa, ƙasar da aka gayyata manyanta ke cinyewa, ɗan wasa kuwa hoto ake ɗauka da shi a sallame shi. A soke kasafin nan gaba ɗaya a sayo wa yara takalman gudu. Mai hujja ya kawo.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah Ya ba yarinyar nan haƙuri. Koci, ita ta sani kuwa, ko ba ka faɗa mata ba tukuna?

Lauya: Koci, abin da aka yi maka bai yi daɗi ba, amma kalmar toshiyar baki ka janye ta. Toshiyar baki a ɓoye ake bayarwa, don mutum ya kawar da kai daga abin da ya gani. Wannan kuwa kuɗi ne da ake rubutawa a kasafi, majalisa ta amince, ministoci su sa hannu a gaban 'yan jarida. Abin da aka yi da rana tsaka gaban kyamara ba ya zama toshiyar baki, ko a shari'a ko a harshe.

Koci: Lauya, ni ba kotu na zo ba. Ina maganar biyar da goma sha huɗu.

Lauya: Za mu zo kan wannan. Amma idan harsashin magana ya karkace, ginin ma karkacewa zai yi.

Malamar Hausa: Ku ba ni wuri, nan fagena ne. Ku duka biyun kun kuskure. Abin da ƙasashe ke yi toshi ne. Toshi ai kyauta ce ta mai nema, a fili ake yinta, kowa ya san abin da mai bayarwa ke so, kuma wadda aka ba tana da damar ta ce ba ta yi. Toshiyar baki kuwa rufe bakin mai gaskiya ce. Ƙasa ta gayyaci 'yan wasanka, ta ciyar da su, ta zagaya da su gari, zawarcinka take yi. Ba laifi ba ne a yi zawarci.

Auta: To Anti, idan an karɓi toshin kuma aka ƙi auren fa? Ana mayarwa? 😂

Baba Mai Rediyo: Yaro, tambayarka ta fi ƙarfin dariyar da ka yi. Bari in ba ku misali. A watan Disamba na 2024 Ostareliya ta sanar da cewa za ta kashe dalarta miliyan 600 cikin shekara goma don Papua New Guinea ta samu ƙungiyar zari-ruga a babbar gasar Ostareliya daga 2028. Firaministocin biyu, Albanese da Marape, su suka tsaya suka sanar. Amma tare da wannan akwai fahimtar juna kan tsaro, wadda a ƙarƙashinta Ostareliya za ta iya janye kuɗinta idan maƙwabciyar tata ta je ta ƙulla ƙawancen tsaro da irin su Sin. To Malama, wane irin toshi ne wannan da ake ɗaura masa igiya? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Malamar Hausa: Baba, ai ka ƙarfafa maganata. Mai nema ne ya ce kada ki saurari abokin takarata. Har yanzu muna cikin toshi.

Lauya: Kuma an faɗa a fili. Na gode Baba.

Baba Mai Rediyo: Ni ba goyon bayanku na yi ba, ku daina yi min godiya.

Injiniya: Na lura duk lokacin da aka zo misalin mugun abu sai an saƙalo sunan Sin. Ita dai Sin abin da take bayarwa ana ganinsa da ido, ana zama a kansa. Filin wasa na Alassane Ouattara da ke wajen Abidjan, mai ɗaukar mutum 60,000, inda aka buɗe gasar cin kofin Afirka a Janairun 2024 aka kuma rufe ta, wa ya gina? Babban dandalin kokawa na Senegal da Xi Jinping ya miƙa wa Macky Sall makullinsa a 2018, wa ya gina? Wasu su kwashi yara goma su kai su yawo sati biyu su ba su riga da hula, wasu su bar maka ginin da jikokinka za su shiga. Ku gaya min wanne ne asarar kuɗi.

Baba Mai Rediyo: Injiniya, kai ma ka faɗi rabin labari. Costa Rica ta yanke hulɗa da Taiwan a 2007 ta koma wajen Beijing, sai ga sabon filin wasa na ƙasa an buɗe a 2011. Tsibiran Solomon sun yi irin wannan sauyin a 2019, sai ga filin wasa a Honiara kafin wasannin yankin Pasifik na 2023. Biri fa ya yi kama da mutum. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Grenada. Sun bar Taiwan a 2005, Sin ta sake gina musu filin kurket, ranar bikin miƙawa a 2007, jakadan Sin na zaune, 'yan badujalar 'yan sanda suka tashi suka busa taken Taiwan. Kuskure ne, amma sai da firaminista ya ba da haƙuri.

Auta: Wayyo cikina! Amarya ta kira sunan tsohon saurayi ranar ɗaurin aure 😂😂

Injiniya: To sai me? Kowace ƙasa da buƙatarta. Ita Amurka don Allah take yi? Sashen wasanni na ma'aikatar harkokin wajenta a 2002 aka kafa shi, bayan harin 11 ga Satumba, kuma matasan ƙasashen Musulmi aka fara nufa. Ku tambayi kanku dalili. Ruwa ba ya tsami banza.

Maman Biyu: Injiniya, dalilinsu nasu ne, amfanin kuma na wanda ya je ne. A 2012 suka fara shirin da ake ɗaukar mata masu harkar wasanni daga ƙasashe daban-daban, a haɗa kowacce da wata babbar shugaba a can ta yi makonni tana koyon yadda ake tafiyar da aiki. Mace ta dawo ta san yadda ake rubuta neman tallafi, ta san yadda ake kafa ƙungiya. Ni wannan ya fi min filin da bayan an gama gasa ciyawa ke cinye shi. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min, yarinyar ta sani?

Koci: Ta sani, Hajiya. A waya ta gani kafin in isa gidansu. Yau ba ta zo fili ba.

Ɗan Gunners: Ni dai ina tare da Lauya. Ba kowane kuɗin da gwamnati ta sa a wasanni ne toshiyar baki ba. Talla ce, zuba jari ne. Dubi Ruwanda. A 2018 sunanta ya hau hannun rigar Arsenal, duniya ta san akwai wurin zuwa yawon buɗe ido a can, daga baya PSG da Bayern Munich ma suka shigo. Har masu horarwa aka riƙa turawa suna koya wa yara ƙwallo. Wannan shi ne aiki da hankali.

Na Old Trafford: Na san za ka fito. Jaridu sun ce fam miliyan 30 ne a shekara ukun farko, daga ƙasar da ita kanta tallafi ake ba ta. Talaka ya tara, a kai wa kulob ɗin attajirai a Landan. Kuma a Fabrairun 2025 ministar harkokin wajen Kwango ta rubuta wa kulob ɗin nan uku wasiƙa ta ce su yanke hulɗar saboda yaƙin gabashin ƙasarta. Idan kana neman ma'anar toshiyar baki, ka duba hannun rigarka.

Ɗan Gunners: Wanda kulob ɗinsa ya ƙare a na 15 a teburi ne zai koya min ma'anar kalma?

Na Old Trafford: Kofin lig nawa kuka ɗaga a shekara ashirin da suka biyo bayan 2004? Ka ƙirga a hankali, ba sauri muke ba.

Ɗan Gunners: Mu dai mun taɓa gama kaka ba a doke mu ba. Ku je ku yi naku mu gani.

Shugaban Zaure: Jama'a, wannan ba zauren Firimiya ba ne. Duk wanda ya sake ambaton teburi zan goge.

Lauya: Mu koma kan kalma. Na Old Trafford ya ce toshiyar baki, to bakin wa aka toshe? Magoya bayan Arsenal da kansu sun yi ta sukar yarjejeniyar. Bakin da aka toshe ba ya magana.

Na Old Trafford: Kulob ɗin fa? Ka taɓa jin ya ce uffan?

Lauya: Kulob ba majalisar ɗinkin duniya ba ne.

Baba Mai Rediyo: Ku yara kuna ta gardamar riga, kun manta inda abin ya yi aiki na gaske. A 1971 a Nagoya ta Japan ana gasar ƙwallon tebur ta duniya, wani ɗan wasan Amurka, Glenn Cowan, ya shiga motar 'yan wasan Sin. Shekara ashirin da wani abu ƙasashen nan ba sa ga maciji. Kowa a motar ya yi tsit, sai zakaransu Zhuang Zedong ya taso ya gaishe shi ya ba shi kyautar ƙyallen siliki mai hoton duwatsu. 'Yan jarida suka ɗauka. Cikin kwanaki aka gayyaci tawagar Amurka, suka shiga Sin a watan Afrilu, firaministan Sin Zhou Enlai da kansa ya karɓe su. Fabrairun 1972 sai ga shugaban Amurka Nixon a Beijing. Kuɗin masaukin 'yan wasa tara da 'yan rakiyarsu nawa ne idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya? Koci, da an bi shawararka an soke kasafin, da wannan ƙofar ba ta buɗe ba.

Ɗalibin Tarihi: Baba, da girmamawa, ƙofar nan da ma an zare sakatarta. Tun kafin Nagoya ɓangarorin biyu ke aika wa juna saƙo ta hannun Yahya Khan na Pakistan da kuma Romaniya. Sin ta yi artabu da Tarayyar Sobiyet a kan iyaka a 1969, tana neman wanda za ta jingina da shi, Nixon kuma yana neman hanyar fita daga Biyetnam. Tafiyar sirrin da Kissinger, mai ba Nixon shawara kan tsaro, ya yi zuwa Beijing ta Pakistan a Yulin 1971 ita ta shirya zuwan Nixon. Ƙwallon tebur dai an yi amfani da ita don a shirya zukatan jama'a. Shugabanni sun riga sun yanke shawara, 'yan wasa suka zama masu shela. Kuma cikakkiyar hulɗar jakadanci sai Janairun 1979.

Baba Mai Rediyo: Lokacin da ake wannan abu ina manne da rediyo, kai ko mahaifinka bai yi kaciya ba.

Ɗalibin Tarihi: Allah Ya ƙara girma, Baba. Amma rediyon ma bai san Kissinger ya tafi ba sai da ya dawo.

Auta: Baba an ci ka ɗaya da nema 😂

Baba Mai Rediyo: Auta, zan haɗu da kai.

Ɗan Gunners: To Pele fa? Ai kowa ya san saboda shi aka tsagaita wuta na awa 48 a yaƙin basasar Najeriya don a kalli wasa. Wace jakada ce ta taɓa yin haka?

Ɗalibin Tarihi: Santos, kulob ɗin Pele, ta buga a Legas a Janairun 1969, wannan gaskiya ne, an tashi biyu da biyu. Amma maganar tsagaita wuta, waɗanda suka bi jaridun lokacin ba su ga inda aka ruwaito ta ba, kuma Legas nesa take da fagen daga. Ka kawo mana inda ka gani.

Ɗan Gunners: Wani bidiyo ne aka turo min, zan nemo.

Na Old Trafford: Ka haɗa da kofin ku nemo tare.

Shugaban Zaure: Na goge saƙo biyu. Gargaɗi na ƙarshe.

Ɗalibin Tarihi: Tunda ana son misalai, a shekarar 1969 ɗin dai El Salvador da Honduras suka gwabza yaƙin kwana huɗu jim kaɗan bayan wasannin neman gurbin kofin duniya. Rikicin fili da baƙin haure ne asalinsa, ƙwallo ta zuba fetur. Sannan a 2008 shugaban Turkiyya Abdullah Gul ya je Yerevan, babban birnin Armeniya, kallon wasa, aka yi ta murna, aka sa hannu a yarjejeniya a Zurich a 2009, majalisu ba su taɓa amincewa da ita ba, Armeniya ta soke ta a 2018. A 1998 'yan kokawar Amurka sun je Tehran, a Faransa kuma 'yan ƙwallon Iran suka miƙa wa na Amurka fararen furanni kafin su doke su biyu da ɗaya. Yau ina aka kwana? Wasa yana tafiya ne inda siyasa ta ba shi hanya.

Malamar Hausa: Wannan duk bai taɓa maganata ba. Ba kowane toshi ke kai wa ga aure ba, amma sunansa toshi.

Injiniya: Malama, wannan toshin naki ya ishe mu. Ke komai sai kin mayar da shi zance.

Malamar Hausa: Injiniya, kai da ka mayar da komai siminti ban ce maka komai ba.

Koci: Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Na janye toshiyar baki. Na janye! Ku kira shi toshi, ku kira shi sadaka, ku kira shi zakka in kun so. Tambayata ita ce, a cikin kowane kuɗi da aka ware da sunan ɗan wasa, nawa ke isa jikin ɗan wasan?

Lauya: Madalla, a rubuta cewa ya janye. Sai dai zakka ma ba ta dace ba, domin zakka tana da mutum takwas da aka ƙayyade.

Maman Biyu: Lauya, don girman Allah.

Ɗalibin Tarihi: Koci, tambayarka tana da amsa a wani wuri guda da na sani. A wasannin Olamfik na hunturu na 2018 a Pyeongchang, Koriya ta Arewa ta tura 'yan wasa 22, amma 'yan matan da aka turo su yi tafi da waƙa a tsaye sun haura 200, ban da makaɗa. Koriya ta Kudu ta amince da kashe kusan dala miliyan 2.6 kan ɗawainiyar baƙin. An haɗa ƙungiyar mata guda ta ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, aka ƙaro 'yan Arewa 12 makonni kaɗan kafin gasa, 'yan matan Kudu da suka shekara suna atisaye wasunsu suka koma benci. Wasa biyar suka buga, duka aka cinye su. An samu taron shugabannin Koriya biyun, Moon da Kim, a watan Afrilu, gaskiya ne. A Yunin 2020 kuma Arewa ta tarwatsa ofishin tuntuɓar juna na Kaesong da nakiya. Don haka goma sha huɗunka ba sabon abu ba ne, su ma manya haka suke yi.

Shugaban Zaure: A nan zan sa baki. Mutane na raina aikin 'yan rakiya saboda ba su san abin da ke ciki ba. Wa zai bi biza? Wa zai tsaya a kan masauki da abinci da likita? Wa zai zauna da jami'an can a tattauna abin da ya kawo ku? Ɗan wasa gudu ya sani. Kuma wa zai tsare yaran kada su sulale? A Landan a 2012 'yan wasan Kamaru bakwai suka ɓace daga masauki, biyar 'yan dambe ne. A wasannin ƙasashe renon Ingila na 2018 a Ostareliya ma an sake yi. Ƙasa ta kashe kuɗi, ta kwashi kunya.

Maman Biyu: Ranka ya daɗe, su 'yan Kamarun ba su da 'yan rakiya ne lokacin da suka gudu?

Koci: Kuma ka tambayi abin da ya kore su. Ɗan wasan da aka riƙe wa alawus, yana kallon jami'i na cika akwati da tsaraba, me zai dawo ya yi? Francis Obikwelu na Najeriya yana matashi ya je gasar matasa a Lisbon a 1994 ya ƙi dawowa. Shekara goma bayan nan ya ci azurfa a mita 100 a Olamfik ta Athens da tutar Portugal. Yarinyar da ta ci wa Baharen zinare a tseren tsallake shinge na mita 3,000 a Olamfik ta Paris, Winfred Yavi, haifaffiyar Kenya ce. Wannan ita ce musayar 'yan wasa ta gaskiya, kuma hanya ɗaya take bi, ba a dawowa.

Injiniya: Yauwa. Wannan kam sayen mutane ne.

Alhaji Na Madina: Ban so shiga ba, amma kalmar saye ta yi nauyi. Bayi ake saye. Yarinya ta ga inda za a biya ta, a yi mata magani idan ta ji rauni, ta tafi da ƙafarta. Idan Faransa ko Ingila suka cika tawagarsu da 'ya'yan Afirka sai a ce ci gaba ne, idan ƙasar Larabawa ce sai a ce saye. Haka aka yi wa Katar a 2022, aka yi ta surutu, ƙarshe kowa ya shaida gasar ta yi kyau. Saudiyya ma ga 2034 nan tafe, masu baƙin ciki sai su tanadi haƙuri.

Na Old Trafford: Alhaji, waɗancan a can aka haife su ko a can suka girma. Ba a tsakar dare aka canja musu suna da fasfo ba.

Alhaji Na Madina: Kai da kake goyon bayan kulob ɗin da Amurkawa suka saya da bashi, kai ne mai maganar saye?

Ɗan Gunners: Alhaji, Allah Ya ƙara maka lafiya!

Lauya: A fayyace, saye yana buƙatar mai sayarwa. Wa ya sayar?

Auta: Lauya ya samu sabuwar kalma, mun shiga uku.

Baba Mai Rediyo: Ni abin da ban yafe ba shi ne yadda ake aiken ɗan wasa da saƙon da ba nasa ba. A Fabrairun 1980 Jimmy Carter ya tura Muhammad Ali ƙasashen Afirka biyar ya lallashe su su ƙaurace wa Olamfik ta Mosko. Nyerere ya ƙi ganinsa ma, yana ganin raini ne a aiko masa ɗan dambe. 'Yan jarida suka tambaye shi, ina Amurka take a 1976 lokacin da ƙasashen Afirka sama da ashirin suka fice daga Olamfik ta Montreal saboda 'yan zari-rugar New Zealand sun je wasa Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata? Bawan Allah ya rasa ta cewa. Tanzaniya da Najeriya da Senegal duk suka tafi Mosko abinsu. Kuma a 1976 ɗin wa ya biya? Filbert Bayi na Tanzaniya, mai riƙe da tarihin duniya a mita 1,500, bai samu ya yi gudunsa ba. John Akii-Bua na Uganda bai kare zinarensa ba.

Ɗalibin Tarihi: Baba, ai yanzu ka dawo layina.

Baba Mai Rediyo: Ban dawo layin kowa ba. Ƙauracewar 1976 daidai ce, ko gobe a sake.

Auta: Ni tambaya gare ni ga Shugaba, ba da wata manufa ba. Hoton nan naka na bara, kana sanye da rigar sanyi mai tuta a ƙirji kana tsaye gaban wani filin wasa, gudun mita nawa ka je yi? 🤔

Shugaban Zaure: Auta, ka iya bakinka. Aikin ƙasa na je, a matsayin jami'in tuntuɓa, kuma da takarda aka gayyace ni.

Koci: Ku nawa ne, ranka ya daɗe? 'Yan wasa nawa, ku nawa?

Shugaban Zaure: Ba wannan ne maudu'in ba.

Maman Biyu: Wallahi shi ne maudu'in. Tun safe shi kaɗai ne maudu'in.

Malamar Hausa: Wannan kam ba toshi ba ne, na yarda. Sunansa daban.

Lauya: A yi hattara da ƙazafi.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe da taƙaitawa kamar yadda muka saba. Ɗan'uwanmu Koci ya zo da zafin rai ya kira kuɗin musayar 'yan wasa toshiyar baki, kuma alhamdulillahi bayan bayanin masana irin su Lauya da Malama ya gane kuskurensa ya janye da bakinsa, kowa ya gani. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun nuna cewa wannan kuɗi yana da amfani, musamman kyakkyawan tarihin da Baba ya kawo na ƙwallon tebur, wanda ya sulhunta manyan ƙasashe biyu. Ɗalibinmu ya kawo wasu 'yan misalai na inda aka samu tangarɗa, amma wannan ba ya rushe asali, shi ma da ƙuruciya a tare da shi. An kuma fahimci cewa guduwar 'yan wasa babbar matsala ce, wadda ke nuna buƙatar a ƙara yawan ƙwararrun jami'an rakiya, a kuma inganta alawus ɗinsu don su yi aiki da natsuwa. Batun yarinya abin tausayi ne, muna mata addu'a, wataƙila rabonta na gaba, kuma ina ba Koci shawara ya riƙa bin hanyoyin da suka dace maimakon kawo ƙorafi cikin jama'a. Maganar hoto ba ta cikin muhawara, na goge ta, Auta kuma zai huta na kwana uku. Na ga Koci ya fita daga zauren, mai lambarsa ya lallashe shi ya dawo, akwai kuɗin wata biyu a kansa.